Don Allah me za mu rubuta a madadin "recycling"? Gobe mai fenti zai zo

Ummi: Salam jama'a, taimako nake nema cikin gaggawa. Ƙungiyarmu ta muhalli a jami'a nan Katsina mun samu durom sha biyu za mu ajiye a ƙofar ajujuwa da hostel kafin 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Uku-uku za mu jera su, takarda daban, gorar roba da gwangwani daban, sauran shara daban. Gobe bayan azahar mai fenti zai zo kuma har yanzu ba mu da kalmar da za a rubuta a sama, masu shara da yawa ba sa karanta Turanci shi ya sa muke son Hausa.

Nura: Sake sarrafawa. Haka ake faɗa a rediyo, kar ki wahalar da kanki.

Zee: Sake amfani ya fi sauƙi ai

Nura: A'a ba ɗaya ba ne. Gorar ruwan da aka wanke aka zuba zoɓo ko kunun aya, wannan shi ne sake amfani, gora tana nan a gorarta. Wanda Ummi take nufi sai an markaɗa ta an narka an fitar da wani abu daban. Ki duba gindin gorar za ki ga alama mai kusurwa uku da lamba 1 a ciki mai nuna irin robar, jarkar mai kuma galibi 2 ce, masu saye ma ba sa haɗa su wuri ɗaya.

Ɗan Daura: Ku rubuta BOLA JARI kawai, har yaron goye ya san shi

Ummi: Haba Yaya, a ƙofar ofishin Dean?

Malam Lawal: Assalamu alaikum. Na ga ana ta sake sarrafawa, sake sarrafawa. Wannan fassarar 'yan jarida ce da aka yi a gurguje ana jiran labaran ƙarfe biyu. Mu muna da abin tun kafin Bature ya zo. Maƙeri ya karɓi tsohuwar fartanya ya sa a wuta ya fitar da lauje, me ya yi? Ƙira. Masu tukunya su tara gwangwanin lemo su narka su zuba a ƙasa tukunya ta fito. To kalmar ita ce SAKE-ƘIRA. Shekara uku ina koya wa ɗalibaina ita.

Zee: Allah gafarta Malam, takarda kuma fa? Ana ƙera takarda?

Malam Lawal: Ana ƙera magana ma balle takarda. Kalma faɗaɗa take yi.

Nura: Malam da girmanka, ni dai in na ga sake-ƙira a jikin durom zan ɗauka tsohon ƙarfe ake tarawa, gobe Ummi ta tarar da bakin gatari da sarƙar keke a ciki

Ɗan Daura: To dawo-dawo fa? Abu ya tafi ya dawo

Zee: Dawo a Katsina? Wallahi sai 'yan hostel su zo da nono da ludayi

Habu Injiniya: Ni ban ga abin faɗa ba, a rubuta risaikilin. Mun karɓi mota mun karɓi kwamfuta, sama ba ta faɗo ba.

Malam Lawal: Ga irinta nan. Lalaci. Duk abin da ya zo sai a lanƙwasa shi a ce Hausa ce, nan da shekara ashirin jikokinmu ba su san jibji ba sai dosbin. Ita bolar ma da kuke ta faɗa, mu nan jibji muka tashi muna ji, Kanawa suka mayar da ita juji kamar yadda suka mayar da zamna zauna.

Habu Injiniya: Malam leda fa? Roba fa? Duk Turanci ne kuma su za a rubuta a jikin durom ɗin. Sarrafa ma Larabci ce, jami'ar da muke ciki Larabci ce. In za a kori baƙi a kora gaba ɗaya mu gani me zai rage.

Malam Lawal: Larabci ya yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, tun zamanin da ake karatu a Gobarau. Kada ka haɗa wanda ya yi jika a gida da wanda ya sauka jiya da jakarsa.

Sadiya Kano: Ni dai a bar Kanawa su huta, ko me aka tattauna sai an jawo mu. Kuma Malam ka rubuta sauka, ba sabka ba

Ɗan Daura: Ku yi ta yi, asalin dai duk Daura ne

Ummi: Jama'a don Allah. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce.

Anti Binta: Ummi 'yata ji nan. Na yi shekaru ina kula da masu shara a wata makaranta, an taɓa kawo mana irin wannan kwanduna masu kala-kala da rubutu mai kyau, da yamma sai a juye su duka a baro ɗaya a kai bayan katanga a cinna wuta, don ba wanda ya gaya wa matan inda za su kai. Wanda ya sha fiya wata yana sauri zai shiga lacca ba ya tsayawa karanta falsafa, so yake ya ga inda zai jefa. Ki rubuta abin da ake sawa a ciki da manyan baƙi, ki ɗaure gora ɗaya ta gaske a jikin durom. Kada ki ajiye na gora shi kaɗai, in babu na sauran shara a gefensa ɓawon ayaba da ragowar shinkafa za ki tarar, takarda kuwa in mai ya taɓa ta shi ke nan. Sannan ki nemi ɗan bola jari guda ku yi magana ya riƙa zuwa duk Asabar da sikelinsa, kuɗin a bar wa matan. In suna samun na sabulu su da kansu za su tsare miki shi.

Nura: Anti ta gama magana. A sama ki sa kibiyoyin nan uku masu bin juna, alamar recycling, ɗalibin jami'a ne ma ya zana su a Amurka a 1970, ba sa buƙatar fassara.

Ummi: To ga abin da zan ba mai fenti. Sama: kibiyoyi da SAKE SARRAFAWA. Na ɗaya TAKARDA, na biyu GORA DA GWANGWANI, na uku SAURAN SHARA. Ledar fiya wata sai na tambayi mai sayen in yana karɓa.

Malam Lawal: Ban yarda ba amma ba zan hana ba. Aƙalla ba risaikilin ba ce. Ki sa sake-ƙira ko da ƙanana ne a ƙasan na gwangwani, nan dai ba mai musu.

Ummi: In fenti ya rage Malam

Malam Lawal: Zan aiko da kuɗin fentin.