Taƙaitawa: imel ɗin da ke fita yau, gobe ya maƙale

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan sabar Postfix (kwamfutar da ke aika imel da manhajar Postfix) da saƙonta ke fita wani lokaci, wani lokaci kuma ya ƙi.

1. Kowa ya yarda a fara da kundin /var/log/mail.log, inda sabar ke rubuta abin da ya faru da kowane saƙo, a nemo lambar da sabar mai karɓa ta mayar. Mai farawa da 4 jinkiri ne, Postfix zai yi ta gwadawa har kwana 5. Mai farawa da 5 kuwa an ƙi saƙon ne ɗungurungum. Umarnin postqueue -p yana nuna abin da ke jira a layi da dalilinsa.

2. Mafi yawa sun ɗora laifin a kan IPv6 (sabon tsarin adireshin intanet), kuma nan hankalina ya fi kwanciya. Sabar tana da adireshi biyu, na IPv4 (tsohon tsarin) da na IPv6. In ta bi ta IPv4 saƙo ya wuce lafiya, in ta bi ta IPv6 da ba a yi masa PTR (bayanin da ke haɗa adireshi da sunan sabar) ba, Gmail ya dawo da shi da 550. Shi ya sa matsalar take zuwa tana tafiya. A gyara PTR da SPF (jerin adireshin da aka yarda su aika imel da sunanka) na adireshin biyu.

3. A duba ko Spamhaus (mai tattara adireshin masu aika saƙonnin banza) ya saka adireshin a jerinsa, a kuma tabbatar DKIM (tsarin da ke tabbatar da inda imel ya fito) yana sa hannu a kowane saƙo.

Inda baki ya rabu: wasu sun ce a sa inet_protocols = ipv4, wato a daina amfani da IPv6, a huta, wasu suka ce wannan rufe ciwo ne ba magani ba. Haka ma batun miƙa saƙonni ga wani kamfani ta tashar 587 (ƙofar miƙa imel) don shi ya aika su, masu ƙaramar saba sun goyi baya, sauran sun ƙi saboda kuɗi da sirrin wasiƙun abokan hulɗarsu.