Habbatus sauda da murɗewar maraina: muhawara a zauren Ƙofar Sauri

Malam Sada: Salamu alaikum. Masu bincike a Turkiyya sun gwada sinadarin habbatus sauda a kan ɓerayen da marainansu suka murɗe, kuma ya rage lalacewar. Ni a ganina, yaro in ya kwana da wannan ciwon, a fara ba shi man habba kafin a kai ga wuƙa.

Dokta Mannir: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, gwajin gaskiya ne, amma ba haka aka yi shi ba. Ɓeran sai an sa masa maganin barci, a murɗe masa maraina zagaye biyu, digiri 720, a bar shi awa ɗaya ko biyu, sannan a warware da hannu. Wato aikin tiyata dai sai da aka yi shi. Abin da ake nema shi ne rage ɓarnar da ke biyo baya, domin jini in ya dawo wa naman da ya daɗe babu iskar oksijin, yakan taso da wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin da ke yin maniyyi. Nan ne habba, da sinadarin kurkur, da na tumatir suka nuna alamar taimako. A ɓera.

Malam Sada: To hadisin fa? Ya tabbata a Bukhari cewa waraka ce ga kowace cuta ban da mutuwa.

Dokta Mannir: Ban ja da hadisi ba, Malam. Amma jijiyar da ta murɗe, jini ba ya wucewa, to ta ina maganin zai isa wurin? Kuma a yawancin gwajin allura ake yi wa ɓeran a ciki da tataccen sinadari, an auna shi da nauyin jikinsa, ba cokalin mai ake ba shi ba.

Rabe: Yaya Dokta, ni inda nake tare da Malam shi ne raini. Duk abin da ya fito daga itace sai ku ce sai an jira. Har yaushe?

Dokta Mannir: Ƙanena, ba raini ba ne, ni ma ina so a kai gwajin kan mutane, jami'o'inmu su shiga ciki. Abin da ke tsorata ni shi ne agogo. Cikin kamar awa 6 ana iya ceto maraina, in ya kai kwana sau da yawa sai cirewa. Kuma ciwon ya fi kama yara 'yan shekara 12 zuwa 18, masu kunyar faɗa wa iyaye.

Kawu Lawal: Wannan kunyar ita ce babba. Mu kuma gwaiwa muke cewa, mu gasa da ruwan zafi. Yaya uba zai bambance?

Dokta Mannir: Kawu, ba sai ka bambance ba. Ciwo mai tsanani farat ɗaya a gefe guda, da kumburi, da amai, ko da tsakar dare ne a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko babban asibiti mafi kusa. Kar a ba shi ci ko sha a hanya, saboda maganin barcin da za a sa masa wajen tiyata.

Malam Sada: Bayan aikin fa, zai iya shan habbarsa?

Dokta Mannir: A tambayi likitan da ya yi aikin tukuna.