Ɗana mai galahanga ya gama sakandare, waɗanda suka wuce nan ya kuka yi?

Uwa daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ɗana yana da galahanga (wato autism), shekararsa 18, bana ya gama sakandare. Lokacin da yake makaranta rayuwarsa a tsare take, ya san lokacin fita da na dawowa. Tun da aka daina zuwa ya rikice, barci ya ƙaurace masa, sai kai-komo a tsakar gida yana toshe kunne. Dangin babansa sun fara cewa a yi masa aure zai nutsu. Ni kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wa zai riƙe shi bayan ranmu. Don Allah ku faɗa min abin da kuka gani da idonku.

Tela a Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Haka ƙanina ya yi, sai na ɗauke shi shago. Da farko ƙarar janareto ta hana shi zama, don haka na mayar da zuwansa da sassafe kafin kasuwa ta cika. Aiki ɗaya na ba shi, saka maɓalli, sai da ya ƙware na ƙara masa guga. Idan aka ce masa "gyara shago" tsayawa yake, amma idan aka ce "share ƙasa, ninke yadi, jera zare" zai yi su tsaf, har ya fi sauran yaran. Na ja kunnen yaran shagon cewa duk wanda ya tsokane shi ya bar min wurin. Kuɗin aikinsa kuma a hannunsa nake sa masa duk Alhamis, mu ƙirga tare. Da haka ya koyi canji, yanzu shi yake sayo sabulunsa.

Maman 'yan mata:
'Yar'uwa, ni tawa mace ce. Kunyar nan tamu ba ta da amfani a nan. Tun kafin ta fara al'ada na nuna mata audugar mata da hannuna, yadda ake sawa, yadda ake zubarwa, da wankan tsarki mataki-mataki. Na faɗa mata a fili wuraren jikinta da babu mai taɓawa, ko ɗan'uwa ne ko malami. Yaran nan ba sa gane zagaye-zagaye, kuma suna saurin yarda da mutum. Namiji ma yana buƙatar wannan zancen, babansa ya zauna da shi. Maganar aure kuwa, aure ba magani ba ne. Wanda sauyin lokacin makaranta ya rikita, a kawo masa baƙuwa ɗaki ba da shirinsa ba, an cuce shi an cuci 'yar mutane. In nan gaba shi da bakinsa ya nema, wannan daban.

Malamin sakandare, Kaduna:
Hajiya, in yana da sha'awar karatu kada a rufe ƙofar. Tun 2017 hukumar JAMB take da tsari na musamman don masu buƙata ta musamman, ana nuna larurar tun wajen rajista. Sannan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, an kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Na raka wani tsohon ɗalibina neman aiki, abu na farko da aka tambaye mu takardar likita ce. Ku nema tun yanzu ku adana.

Ma'aikaciyar jinya:
Rashin barcin nan a kai shi asibiti, asibitin koyarwa na Shika na kusa da ku, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Damuwa tana yawa a wannan shekarun, kuma wasu masu galahanga a lokacin balaga farfaɗiya take fara bayyana musu. Ku tafi da duk tsofaffin katunansa, domin likitan manya bai san tarihinsa ba.

Mai gyaran waya:
Mama, ni ma ina da galahanga, shekarata 24. Na koyi gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano amma hayaniyar ta fi ƙarfina, yanzu a gida nake aiki, maigidana yana aiko min. Abin da ya fi min ciwo shi ne a zauna ana yanke shawara a kaina ina wurin kamar ba na ji. Ku tambaye shi me yake so. In bai amsa nan take ba ku ba shi lokaci, ko ya rubuta. Ni rubutu ya fi min sauƙi.

Uwa daga Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Mai gyaran waya, na ji maganarka, yau zan ba ɗana takarda da biro. Yana son harhaɗa tsofaffin rediyo, akwai kuma mai gyara a layinmu. Malam tela, da ka fara kai ƙaninka, barinsa kake yi shi kaɗai ko zama kake tare da shi?