Tumatir ya sauko: in saro kwando ko in ci gaba da sayen kashi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan cefane a Kano. Nan unguwarmu wajen Hotoro akwai 'yar kasuwa da masu lambu ke kawo kaya da sassafe, tumatir, attaruhu, tattasai, salak, karas, kabeji har albasa mai lawashi, kuma tunda sanyin nan ya shigo kaya suka sauko sosai, kashin da ake ba mutum yanzu ko kusa ba irin na damina ba ne. To maigidana ya ce gara mu saro kwandon tumatir guda a kasuwar Yankaba mu ajiye tunda in zafi ya shigo tsada zai yi, ni kuma tsorona kar ya lalace min a hannu don wutarmu ba tabbas, sai firji ya kwana biyu bai yi sanyi ba. Mu huɗu ne a gidan. Ku yaya kuke yi? Kuma yaushe ne ya fi araha, yanzu ko in ɗan jira?

Hajiya Umma:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki saya, maigidanki ya yi gaskiya, kuma ki cire firji daga lissafinki gaba ɗaya. Ranar da kwandon ya shigo gida ranar za ki zauna ki zaɓe shi, masu tauri gefe guda, waɗanda suka nuna sosai ko suka ɗan fashe gefe guda. Masu taurin ki wanke ki yanka biyu ko huɗu ki shanya a kan buhu mai tsabta ko faranti, a saman rufi ko wani wuri mai tudu, ki lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu, iskar nan ta yanzu cikin 'yan kwanaki za ta busar miki da shi ƙayau. Sai kin ji yana ƙaras in kin matsa sannan ki kwashe, in da sauran laima fumfuna zai yi. Kauɗar da kika yi da hannunki ba ɗaya take da ta kasuwa ba wadda ake shanyawa a bakin titi, ba yashi, miyarki kuma ja za ta yi ba baƙi ba.
Waɗanda suka nuna kuma ki kai markaɗe ki ɗora a wuta ki bar shi ya yi ta dahuwa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ki zuba da zafinsa a kwalabe da kika tafasa, irin na Bama ɗin nan, ki rufe gam ki sake dafa kwalaben cikin ruwa. Tumatir zalla fa, kar ki haɗa da albasa. Wadda kika buɗe ki yi saurin cinye ta, wadda kuma kika ga murfinta ya kumbura ko ta canza wari ki zubar kar ki ji asara.

Ɗan Kura:
Hajiya ta gama magana wajen adanawa, bari ni in amsa na lokacin don noman rani muke yi. Mu nan Kura da Garun Malam da Bunkure ruwan dam ɗin Tiga muke ban ruwa da shi, ana dashe bayan ɗaukewar damina, to daga Janairu zuwa Maris ne kowa ke tsinka a lokaci guda, in kika je Kwanar Gafan kan hanyar Zariya ki ga motoci na lodi zuwa Legas sai kin yi mamaki, kuma duk da haka kaya na rage mana a hannu wani lokaci manomi ko kuɗin kwando da mota ba ya mayarwa. Ina ga tsakiyar Fabrairu ya fi, amma kar ki wuce farkon Maris kina jira. Da zarar zafin Afrilu ya kankama fure zubewa yake, ga tsutsar nan sharon da ta cinye gonaki a 2016, tun daga lokacin kusan duk zafi sai ta leƙo. Daga nan har damina ta yi nisa sai dai na wajen Jos da wasu wurare, shi ya sa kike ganin ƙwaya huɗu a faranti da kuɗi mai yawa.
Shawarata kuma, kafin ki tafi Yankaba ki tambayi mai lambun da kike saye a wajensa ko zai kawo miki kwando daga gona. Ba kuɗin dillali ba kuɗin ɗan dako ba na adaidaita, kuma mutumin da ya san gobe za ki dawo ba zai jera miki manya a sama ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa ba. Ki ce irin tumatir ɗin nan da ake kira UTC kike so, ya fi tsoka ba ruwa da yawa, shi ya fi kyau da shanya.

Ummu Sadiq:
Ni dai wallahi ban ga dalilin da mutum huɗu za su ɗauki babban kwando su kaɗai ba, aikin yanka ɗin nan ba wasa ba ne musamman in kina da goyo, ga gas ko gawayin da za ki ƙona wajen dafawa shi ma kuɗi ne ai. Mu a layinmu haɗa kuɗi muke mu uku a saro a raba, kowa ta samu abin da za ta iya gamawa a yini ɗaya. Yankaba kuma in za a je a je bayan asuba lokacin da ake sauke kaya, in rana ta ɗaga saura ne kawai.
Sannan Maman Khalifa ki kula da salak da kabejin nan, wasu lambunan cikin gari da ruwan Jakara ake ba su ruwa kuma kowa ya san abin da ke shiga ruwan nan. Ba laifi ba ne ki tambayi mai kayan daga ina ya ɗebo. Ki wanke ganye ɗaya-ɗaya da ruwan gishiri ko binega kafin ki ba yara. Albasa kuma ki ɗan jira ta rani ta shigo sosai, ki zaɓi busasshiya mai ƙaramin wuya ki baza a inda iska ke shiga, kar ki bar ta a leda.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Zan yi wa maƙwabciyata magana mu raba, gobe kuma in tambayi Baba mai lambun namu maganar kwandon. Hajiya attaruhu fa, shi ma yankawa ake yi ko haka ake shanya shi?

Hajiya Umma:
Attaruhu ki tsaga shi biyu ya fi saurin bushewa, tattasai kuma ki cire 'ya'yan tukuna. Ki shafa mai a hannunki kafin ki fara, kuma ki kori Khalifa daga wajen har ki gama.