Muhawara: Zama da masanin halayya yana gyara fursuna kuwa?

Tsohon Ganduroba: Salamu alaikum jama'a. Tun ɗazu nake karanta hirarku, bari in jefa tawa. Ɗaukar masana halayyar ɗan'adam aiki a gidan yari asarar kuɗi ce. A aikin nan na yi furfura. Wanda zai shiryu, sana'a ke shiryar da shi, kafinta ko ɗinki, sai wa'azin liman. Wanda ba zai shiryu ba kuwa, hali zanen dutse. Tun 2019 aka sauya mana suna muka koma Hukumar Gyaran Hali, amma gabzar tana nan, cunkoson yana nan.

Barista: Wa alaikumus salam Baba. Ai ba kai ka fara faɗa ba. A 1974 wani Ba'amurke, Robert Martinson, ya fitar da sharhi kan bincike 231 da aka yi game da gyaran masu laifi, jama'a suka taƙaita shi da cewa babu abin da ke aiki. 'Yan siyasarsu suka samu abin da suke so, aka koma tsawaita ɗauri.

Tsohon Ganduroba: To ka ji. Har masu jajayen kunnuwa sun bi bayana.

Barista: Ban gama ba ranka ya daɗe. A 1979 shi da kansa ya sassauta, ya ce wasu shirye-shiryen suna rage komawa laifi. Sai dai lokacin babu mai saurarensa.

Malama: Muna ta yanke hukunci alhali mai aikin tana cikinmu. Dakta, ki fito.

Dakta: Ina gaida Baba. Ina jin kallon da ake wa aikinmu shi ne mu zauna muna lallashin ɓarawo. A gidan yarin da nake, nan Ingila, rabin lokacina rubutu ne. Ina auna haɗarin mutum: tarihin laifinsa, shekarun da ya fara, shaye-shaye, abokansa, inda zai kwana ranar da ya fita. In rubuta rahoto ga hukumar da ke duba sakin fursuna bisa sharaɗi, in je gabanta lauyansa ya yi min tambayar ƙure. Sau da yawa abin da nake rubutawa shi ne kada a sake shi tukuna. Ga duba aikin ƙananan ma'aikata, don rahoton mai koyo ba ya fita sai babba ya sa hannu.

Zaman kansa ga yadda yake. Mutum ya ce min, "Zuciya ce ta ɗebe ni, ban san lokacin da na soke shi ba." Sai in miƙa masa takarda mu koma baya da awa guda. Ina kake? Me ka sha? Wuƙar, yaushe ta shiga aljihu? Nan za ka ga ya yi shiru, don tun daga gida ya ɗauko ta. Da aka yi maka kallon nan, me ka faɗa wa kanka? "Ya raina ni, in na ƙyale kowa zai raina ni." Wannan jimlar muke nema. Sai mu yi watanni yana gwada wata amsar, har da kwaikwayon rigimar a cikin aji. Binciken da ya tattara irin waɗannan shirye-shirye a 2005 ya nuna komawa laifi na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu: inda 40 cikin 100 za su koma, sai 30 su koma.

Tsohon Ganduroba: 'Yata, talatin ɗin nan fa sun koma.

Dakta: Sun koma Baba. Amma goman nan, gidaje goma ne da ba a fasa ba.

Auta: Anti Dakta, a gafarce ni, amma ki faɗa musu labarin SOTP mana. Shirin da Ingila ta yi wa masu laifin fyaɗe da lalata yara tun farkon shekarun 1990. Ma'aikatar shari'arsu ta fitar da sakamako a 2017: cikin waɗanda suka shiga shirin, kashi 10 sun sake laifin, cikin makamantansu da ba su shiga ba, kashi 8. Maganin ya ƙara cutar ke nan. Kuma masana ne suka tsara shi.

Tsohon Ganduroba: Allah ya yi maka albarka yaro.

Dakta: Gaskiya ya faɗa, babu kwaskwarima. An rufe shirin a 2017, aka kawo wasu sababbin shirye-shirye biyu a madadinsa, Horizon da Kaizen. Abin da ake zargi shi ne tara su rukuni guda kowa yana ba da labarin abin da ya aikata dalla-dalla, sai abin ya daina zama abin ƙyama a kunnensu, wani ma ya koyi dabara. Amma Auta, wa ya gano? Awo ne ya gano. An bi mutanen nan kimanin shekara takwas ana ƙirgawa. Masana biyu 'yan Kanada, Andrews da Bonta, tun 1990 suke cewa a zuba ƙarfi kan masu babban haɗari, a taɓa abin da ke tunzura laifin kansa, kuma kada a cakuɗa ƙaramin mai laifi da riƙaƙƙe, don ƙaramin ne zai lalace.

Malama: Wannan na ƙarshen ko ni da ke riƙe da aji na san shi.

Barista: Ni inda na rabu da ku duka shi ne, kuna gardama kan wanda aka yanke wa hukunci. A Najeriya kusan biyu cikin uku na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke. A doka ba su da laifi. Dakta, ta yaya za ki zaunar da mutum ki ce ya faɗa miki yadda ya ɗauki wuƙa, alhali gobe yana kotu yana musantawa? In wanda nake karewa ne, ni zan fara hana shi buɗe baki. Yaron da aka kama kan waya yana ɗaki ɗaya da ɗan fashi shekara da shekaru. Ku rage min wannan tukuna.

Dakta: Aikin da ya shafi laifin ba ya yiwuwa da su, na yarda. Amma mai jiran shari'a yana fama da ƙwaya, yana rasa barci, wani yana tunanin kashe kansa tun makon farko. Wannan ba ya jiran alƙali.

Ɗan Yerwa: Na yi shiru ne don raina ya ɓaci. Ku zo Borno ku yi wannan bayanin. Tun 2016 ake da Operation Safe Corridor, ana kai tubabbun Boko Haram sansanin Malam Sidi a Gombe, ana haɗa su da malamai da masana halayya, a koya musu sana'a, a sallame su. Matar da aka kashe wa miji tana sansanin gudun hijira, wa ya zauna da ita?

Dakta: Yaya, ba ni da abin da zan ce ya sanyaya maka rai, kuma tambayarka daidai take. Dakta Fatima Akilu, wadda ta jagoranci shirin sauya tunanin masu tsattsauran ra'ayi a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da ta bar gwamnati gidauniyar Neem ta kafa, kuma babban aikinta kula da waɗanda rikicin ya ɗaiɗaita ne. Bai kamata a ce sai ɗaya za a zaɓa ba.

Ɗan Yerwa: Bai kamata ba, amma an zaɓa.

Tsohon Ganduroba: Ni dai ina kan bakana: a ba ni keken ɗinki goma maimakon ofis ɗaya. Sai dai akwai irin wanda za ka koya wa walda ya ƙware, ya fita, wata uku ya dawo saboda ya fasa wa maigidan shago kai. Irinsa kam, in akwai mai zama da shi, ban hana ba.

Dakta: Shi ne nawa Baba, sauran ka riƙe su a shago. Amma cikin waɗanda kuka koya wa ɗinki, nawa suka dawo?

Tsohon Ganduroba: Wa ya ƙirga? A zamaninmu littafin shiga da fita kawai gare mu. Mutum ya fita yana Audu ya dawo yana Sani, sai in wanda ke bakin ƙofa ya gane fuskarsa.