Kashin kifi mai lasar gilashi ya cika mani akwati, ina mafita?

Sabon Mai Kiwo, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da akwatin gilashi na kifin ado a falo, tsawonsa santimita 80, faɗi 35, tsayi 40. A ciki akwai ƙananan kifin da ake ce ma moli guda 8 da kifin nan mai lasar gilashi da ake ce ma fileko, guda ɗaya. Da na sawo shi bai fi ɗan yatsa ba, aka ce mani shi zai riƙa share akwatin. Yau wata 8, ya kai santimita 18. Gansakuka kam ya cinye ta tas, amma kullum da safe sai in ishe kashinsa dogo-dogo kamar taliya, ya naɗe tsirrai, ya shige tsakuwa. Filtata ta cikin ruwa ce, an rubuta lita 400 a awa, kwana 3 ta toshe. Duk ƙarshen wata nakan kwashe kifin, in zubar da ruwan duka, in wanke tsakuwa da soson filta a famfo. Bayan wankin ƙarshe ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, moli 2 suka mutu. Don Allah masu sani, ina kuskuren yake?

Mai Tiyo, Ƙofar Marusa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da rashi. Ba kashin da kake gani ne ya kashe molinka ba, wankin ne. A jikin soson filta da tsakuwa akwai bakteriya masu amfani da ke zaune. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce. Bakteriyar nan ke maida ita wani sinadari da ake ce ma NO2, shi ma guba, wasu kuma su maida NO2 zuwa NO3, wanda kifi ke iya jurewa in bai yi yawa ba. Ranar da ka wanke komai a famfo, sinadarin kilorin da ke cikin ruwan ya kashe su. Kifin ya ci gaba da kashi, mai tace gubar babu. Kafin su sake kafuwa sosai sai an yi sati 4 zuwa 6. Farin da ruwan ya yi alama ce akwatin ya koma kamar sabo.

Daga yau ka bar wankin gaba ɗaya. Aikin tiyo za ka koma.

Ka samu tiyo mai garai-garai, mai faɗin baki milimita 12, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka yanke gindin ƙaramar robar ruwa, ka huda murfinta, ka cusa tiyon ya kama gam. Wannan robar ce bakin da zai shiga tsakuwa. Ka cika tiyon da ruwa, ka toshe ɗaya bakin da babban yatsa, ka nutsa robar cikin akwati, ka sauke bakin da ka toshe cikin bokiti da ke ƙasa, sannan ka saki. Kada ka zuƙa da baki. Ka riƙa soka robar cikin tsakuwa har ƙasa. Tsakuwar za ta tashi tana juyi, kashin ya bi ruwa ya fita. In tsakuwar ta nemi shiga tiyo, ka ɗan matse shi, za ta faɗo. Rabin ƙasan akwatin kawai za ka yi a zama ɗaya, ɗaya rabin sai zama na gaba.

Lissafin akwatinka: 80 sau 35 sau 40, a raba da 1000, lita 112 ke nan. In an cire tsakuwa da sararin sama, ruwan bai wuce lita 95 ba. Ka riƙa fitar da lita 25 zuwa 30 sau biyu a sati. Bayan wannan, kowace safiya ka ɗauki siririn tiyon da magina ke auna daidaiton gini da shi, ka tsotse kashin da ke kwance a fili. Lita 3 ko 4 ta isa, minti 5 ne. Safiya ta fi domin da dare fileko ke kiwo, kuma kashin bai riga ya wargaje ba. In ya wargaje, shi ne ke tafiya ya toshe maka filta.

Soson filta kuma a cikin ruwan da ka zuƙo a bokiti za ka matse shi, sau 3 ko 4, ka maida. Ba sai ya yi fes ba. Sabulu ko omo kada su kusanci bokitin nan, ka ware shi don kifi kaɗai.

Uwar Gida, Daura

Malam Mai Tiyo ya faɗi babban abu. Ni zan ƙara da abin da ke rage wahalar tun daga tushe, ƙanena.

Fileko cin ganye yake, hanjinsa dogo ne, abin da yake ci kuma ba ya narkewa duka, shi ya sa kashin ke fitowa ba tsayawa. Kuma ba ya cin kashin sauran kifi, duk da ana yawan faɗin haka a wurin saye. Gansakukar da ke jikin gilashi ce yake saukowa da ita ƙasa a matsayin kashi, kai kuma ka kwashe. Kalar kashin tana bin abin da ya ci: kore in kokwamba ce ko alayyafo, ja-ja in karas ne ko kabewa, ruwan ƙasa in itace ya kankara. Wanda zai dame ka shi ne fari siriri kamar zare na kwanaki a jere, tare da ciki ya lotsa. Wannan ko yunwa ce ko tsutsar ciki.

Tunda gansakuka ta ƙare, dole ka ciyar da shi, amma da awo. Yanki ɗaya na kokwamba mai kaurin santimita 1, a soke da cokali mai yatsu na silba don ya nutse, a sa bayan isha'i, a cire da asuba. Karas da kabewa sai an ɗan tsoma su a tafasasshen ruwa minti 1 zuwa 2. Sau 3 a sati ya isa. A zafin watan Afrilu da Mayu kada ya wuce awa 8 a ciki, ruɓewa yake da sauri. Abincin moli kuwa abin da za su cinye cikin minti 2, ba fiye ba.

Tsakuwa ita ce maɓoyar kashi. Da ni ce sai in canza ta da yashi mai laushi wanda aka wanke har ruwansa ya fito garau, kaurin santimita 2 zuwa 3. A kan yashi kashin zama yake a sama, kana ganinsa, sai ka riƙe tiyo kamar santimita 1 sama da yashin ka kwashe. Amma ba yanzu ba, ka bari akwatin ya farfaɗo tukuna, kuma kashi uku za ka raba aikin, sati-sati. Sannan ka juya bakin filtar ya riƙa hura ruwa ta tsawon akwatin, ka bar kusurwa ɗaya ta gaba ba dutse ba tsiro. Can datti zai riƙa taruwa.

Ruwan da za ka ƙara ma a kula. Na famfo, ko daga dam ɗin Ajiwa yake ko na Sabke irin namu nan, ka ɗauka akwai kilorin a ciki. Ka sa maganinsa. Wanda ake ce ma Seachem Prime mililita 5 ne ga lita 200, wato bai kai mililita 1 ba ga jarka mai lita 25. Na burtsatse ba kilorin, amma iska ta yi mashi kaɗan, a bar shi ya kwana a buɗe. Kada ka taɓa zuba na tankin sama da rana tsaka, ko na jarkar da ta kwana a waje da hunturu. Bambancin zafinsa da na akwati kada ya wuce digiri 2.

Na Ƙofar Guga

Duk shawarwarin nan daidai ne, amma a ganina suna sayen lokaci ne kawai. Kifin da ya tashi daga ɗan yatsa zuwa santimita 18 cikin wata 8 babban iri ne, wanda ake kira Pterygoplichthys, ɗan asalin kogunan Kudancin Amurka. Yana kai santimita 35 zuwa 45. Faɗin akwatinka duka 35 ne. Nan gaba ko juyawa ba zai iya yi da kyau ba, kuma irinsa akwatin da ya haura lita 300 yake so. Ko dai ka ƙara akwati, ko ka maida shi ga mai sayarwa a musanya maka da Ancistrus, mai gashin baki, wanda ke tsayawa a santimita 12 zuwa 15. Wannan zai zauna a lita 95 lafiya. Abu ɗaya nake roƙo: kada a sake shi a dam ko kududdufi. A Filifin da jihar Fulorida ta Amurka irinsa ya yaɗu a koguna, yana haƙa ramuka a gaɓa, ya zame masu annoba.

Kafin ka yanke shawara, filtar lita 400 ta yi kaɗan. Da fileko ana so ruwan ya zagaya sau 6 zuwa 8 a awa, wato lita 570 zuwa 760 a wurinka, kuma abin da aka rubuta a kwali ba ya cika idan soso ya fara ɗaukar datti. Kada ka cire tsohuwar. Ka ƙara mata filtar soso mai aiki da famfon iska, ka kuma nemi ƙaramin famfon iska mai USB wanda fawa bank ke tayarwa. Dalili shi ne ɗauke wuta. Bakteriyar nan da iska suke rayuwa. In ruwa ya daina ratsa filta na awanni, sai su fara mutuwa. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ka ciro soson ka sake shi cikin akwatin kusa da kumfar iska, ka kuma dakatar da abinci ranar.

Sai awo. Ka sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo. Abin da ake so gwajin ya nuna shi ne amoniya sifili, NO2 sifili, NO3 ƙasa da 40. In NO3 ta kai 40 ka canza kwatan ruwan, 30 za ta koma; in rabi ka canza, 20. Ka gwada ruwan rijiyarka ko burtsatsenka shi ma, don wani yana zuwa da NO3 tun daga ƙasa. Ka duba pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: in ya tashi daga 7 zuwa 8, kason amoniya mai guba yana ninkuwa kusan sau 10, zafi kuma yana ƙara shi. Fileko digiri 23 zuwa 28 yake so. In ruwan ya haura 30, ka buɗe murfi, ka sa raga, ka kunna ƙaramar fanka ta hura saman ruwan.

Sabon Mai Kiwo, Ƙofar Ƙaura

Allah shi saka maku da alheri. Tambaya ɗaya ta rage. Wani mai kiwon tarwaɗa ya ce in zuba gishiri, wai yana gyara ruwa. In zuba?

Mai Tiyo, Ƙofar Marusa

Kada ka zuba, ɗan'uwa. Moli na jure gishiri, fileko bai cika jurewa ba, kuma gishiri ba ya cire amoniya ko kaɗan. Tsarin masu kiwon tarwaɗa daban ne, su suna canza ruwa da yawa a kai a kai, ba da soson filta suka dogara ba. Yanzu da akwatinka ke farfaɗowa, ka riƙa canza lita 20 kullum har gwaji ya nuna amoniya da NO2 sifili kwana 7 a jere, ka rage abinci da rabi, kada ka ƙara ko kifi ɗaya. Ruwan bokitin kuma kada ya tafi kwata, ka zuba ma zogale ko shukar da ke tsakar gida, taki ne.