Neman kalmar Hausa: na'urar da ke gano ƙarfe a ƙasa da masu yawo da ita

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani rahoton rediyo a kan mutanen da ke yawo da metal ditekta a wuraren shaƙatawa na jama'a saboda sha'awa, da yadda hukumomi ke neman barinsu su yi abinsu ba tare da an lalata kufai ba. Ina neman sunan na'urar, da kuma sunan masu yin, wanda zai raba su da ɓarayin da ke tono da dare.

Ɗan jarida: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce "na'urar gano ƙarfe", mai sauraro zai fahimta nan take.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba. Yadda duba ta haifi madubi, buɗe ta haifi mabuɗi, haka laluba za ta ba mu "malalubi", domin lalube na'urar ke yi daga saman ƙasa, ba ta ganin abin da ke binne.

Mai nazarin kufai: Malama, sunan mutanen ya fi damuna. Kada ki ce "masu haƙar taska", domin kalmar kwaɗaitarwa take yi. Tsabar kuɗi ko zoben da aka zaro daga inda ya kwanta ba tare da an rubuta wurin da zurfinsa ba ya rasa mafi yawan labarinsa, kuma ramin da aka birkita ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa Amurka ta hana amfani da na'urar a gandayen ƙasa na tarayya, Ingila kuma ta hana shi a wuraren tarihi masu kariya sai da izini, tun dokar 1979. Duk da haka, mai sha'awa ne ya gano taskar Staffordshire, tarin tsofaffin kayan zinariya da azurfa, a wata gona a Ingila a 2009, ya kuma kai rahoto, kuma tun 1997 akwai tsarin da irinsu ke yi wa tsintuwarsu rajista a can.

Malamin Hausa: Ita kanta "na'ura" aro ce daga Larabci. Har yaushe za mu riƙa jingina da harsunan wasu alhali namu yana da hanyar ƙirƙira? 'Yan jarida ne ke kashe mana sababbin kalmomi tun kafin su yi rarrafe.

Ɗan jarida: Malam, da girmamawa, kalmar da ta zauna a bakin jama'a ta zama tamu, kuma kishin harshe ba a aji kaɗai yake ba. Mai sauraro ba ya da damar tsayar da rediyo ya tambayi ma'ana.

Malamin Hausa: Idan ba ku furta ta ba, a ina zai ji ta?

Mai fassara: Na gode muku duka. Zan yi amfani da "na'urar gano ƙarfe", in kira masu sha'awar "masu laluben kayan tarihi", na daren kuma "ɓarayin kufai". Abin da ban warware ba shi ne ko "ƙarfe" zai sa mai sauraro ya tuna da zinariya da azurfa, don haka zan ambace su a jimlar farko.

Malamin Hausa: Tun da kin ɗauki tushen kalmar, ba zan ja ba, amma "malalubi" zan ci gaba da koya wa ɗalibaina.